Agwagin Wilfred

A garinmu Todmorden, inda ruwan sama ba ya neman izini,
in mutum zai tunkari abu mai nauyi
ba a ce masa ya shirya kawai.
Cewa ake: jera agwaginka a layi ɗaya.

Ina 'yar shekara shida na fara jin maganar
a bakin babana Wilfred, direban bas,
yana ɗaure takalmi da ƙarfe biyar na asuba.
Na ruga bayan gida in ga agwagin.
Ko gashin tsuntsu babu.
Sai kekensa, da bokitin gawayi, da kyanwar maƙwabta.
Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

"Glenys," ya ce, "ta farko mabuɗi,
ta biyu canji, ta uku burodi a takarda.
Kowacce ta bi sawun 'yar'uwarta.
Wanda ya fita da su a warwatse,
kora zai yini yana yi, ba tuƙi ba."

Na girma ina cin karo da su ko'ina.
Malamar lissafi ta faɗa mana ana gobe jarrabawa.
Mutumin banki ya faɗa, bai ko ɗago kai ba,
ya turo mini takarduna: dawo in kin jera su.
A ofis kuwa manaja ya mai da ita goron bakinsa,
kullum ta fito, kullum a zaman taro,
shi da ko laimarsa ba ya tuna inda ya ajiye.
Har na daina ganin tsuntsu a cikin maganar.
Ta zama kamar tsohon kwabo, hannu ya cinye hotonsa.

Sai ranar da likita ya rufe ƙofa kafin ya zauna.

Baba bai yi kuka ba. Ya nemi gwangwanin biskit,
mai hoton jirgin ƙasa, wanda murfinsa ke gardama.
Sati uku yana cika shi.
Takardar gida. Inshora. Lambar mai gyaran famfo.
Mabuɗin rumfar lambu, da zare ja a wuyansa.
Wa zai ɗauki kare, da irin abincin da ba ya so.
Har waƙoƙin da za a yi a coci, guda biyu,
ya ja layi ƙarƙashin: kada a ja su da tsawo.
Ya danna murfin da tafin hannu,
ya dube ni ta saman tabarau.
"To. Sun jeru."

Ya tafi cikin Afrilu, bai makara ba,
shi da bai taɓa sa fasinja jira ba.

Komai na same shi inda ya ce.
Sai abu ɗaya.
A aljihun kwat ɗinsa na aiki, an ninke sau huɗu,
wasiƙa zuwa ga ƙanensa Cedric,
wanda suka yi shekara goma sha tara ba gaisuwa
a kan wani agogon bango.
Layi uku ne. Na huɗun ya tsaya a "amma".
Babu kan sarki. Babu sa hannu.

Da yamma na gangara bakin kogin Calder.
Ga uwar agwagwa tana yanka ruwa,
'ya'ya shida a bayanta kamar an zare su a tsinke.
Na bakwai yana can gefe
yana fama da wani ganye da ya fi bakinsa.
Uwar ba ta waiwaya ba,
amma na lura ta rage gudu.

Na sa hannu a aljihu, takardar tana nan.
Gidan Cedric tasha huɗu ne daga nan,
bas na ƙarshe ƙarfe tara da kwata.
Ban shirya abin da zan ce ba.
Na hau.